Kafin ka sa kuɗinka a kamfanin abinci, tambayi inda rakensa yake

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ya tsaya a kasuwar Singa ta Kano da hantsi, ya ga 'yan dako suna sauke buhunan sukari da fulawa da katan-katan na taliya daga tirela, zai ce kamfanin da ke yin wannan kaya ba shi da ranar faɗuwa. Ai dole a ci abinci. Haka ne. Amma ciniki daban, riba daban, kuma mai sayen hannun jari riba yake nema.

Mu ɗauki Dangote Sugar. Matatarsa ta Apapa a Legas tana cikin mafiya girma a Afirka, sai dai yawancin abin da take tacewa ɗanyen sukari ne da jirgin ruwa ke kawowa daga Brazil. Da dala ake biyansa, sau da yawa ma bashi ake ɗauka, a sayar da kayan da naira, daga baya a nemi dalar a biya. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Kamfanin bai daina sayar da sukari ba, kuɗin shigarsa ma ƙaruwa ya yi, amma bashin dalar nan ya kumbura. Ya bayyana asarar sama da naira biliyan 70 a 2023, sannan sama da biliyan 190 a 2024. A daidai lokacin, BUA Foods na Abdul Samad Rabiu, wanda ya haɗa sukari da fulawa da taliya da shinkafa, shi ma canjin ya taɓa shi, amma da riba ya fita.

Saboda haka idan rahoton shekara ya zo hannunka, kada ka tsaya a shafin farko mai hotuna. Wuce can ciki, ka nemi nawa ake bin kamfanin, da wane kuɗi, kuma yaushe zai biya. A ganina wannan ya fi komai muhimmanci.

Sai maganar da waɗannan kamfanoni ke yawan tinƙaho da ita, cewa komai nasu ne tun daga gona har buhu. To, kashi nawa ne ya fito daga gonar? Tun 2012 gwamnati ta fito da tsarin da ya ɗora wa masu tace sukari noman rake a gida. Dangote na da gona a Numan ta jihar Adamawa, BUA a Lafiagi ta jihar Kwara, Flour Mills mai kayan Golden Penny a Sunti ta jihar Neja. Gonar rake kuwa ramin kuɗi ce kafin ta fara biya: a share fili, a haƙa hanyoyin ban ruwa, a sasanta da masu ƙasa, a kafa injin matsa a kusa, domin rake ba ya jira bayan an sare shi. Har yanzu abin da ake nomawa ƙalilan ne a kan abin da ƙasar ke sha. Alkama ma haka take, duk da noman rani na Jigawa da Kano. Kamfanin da gonarsa ke ƙaruwa shekara bayan shekara, shi ne ke rage wa kansa fargabar dala.

Ribar ma a auna ta da tsadar rayuwa. Hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, don haka ribar da ta ƙaru da kashi 20 a shekarar ta 2024 baya ta ja.

Kada kuma ka manta da wanda ke riƙe da kamfanin. Sama da kashi 90 cikin ɗari na BUA Foods, wanda ya shiga kasuwar hannun jari a Janairun 2022, yana hannun mai shi, abin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne, ƙaramin mai jari kuwa ba shi da ta cewa. Masu hannun jarin Flour Mills, kamfanin Golden Penny da aka kafa tun 1960, sun ga haka a ƙarshen 2024: babban mai jari ya saye kason ƙanana a kan naira 86 kowane hannu, aka cire kamfanin daga kasuwa gaba ɗaya.