Amsoshin Tambayoyinku: Yaron da hankalinsa ba ya tsayawa, ƙwaya ko rubutu?

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka daga nan Maraɗi. Wasiƙu uku ke gabana yau, kuma duk kan yaron da ba ya zama wuri ɗaya suke.

Ta farko daga wata uwa ce a unguwar Zariya. Ɗanta shekararsa 8, yana aji CE1. Ta ce mushe, wato malamin ajinsu, ya gaji da kiranta lakwal: yaro ba ya zama, ba ya gama aiki, yau ya yar da alƙalami, gobe ya dawo da takalmi wari ɗaya. Ƙanenta da ke Yamai ya ce akwai ƙwayar da ake ba irin waɗannan yara. Kakar yaron kuwa ta ce ba mai ɗura wa jikanta maganin mahaukata, rubutu da zuma sun isa. Tambayarta: "Wanne zan bi, ko a haɗa?"

To Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Ana iya haɗawa, amma ni a ganina kun yi saurin shiga gardamar magani tun ba a san ciwon ba. Abin da ƙanenki ke nufi shi ne larurar rashin natsuwa da yawan motsi da likitocinmu ke kira TDAH da Faransanci, maƙwabtanmu na Najeriya su ce ADHD. Kusan yara 5 cikin 100 ke da ita a duniya, kuma tana bin jini ƙwarai. Sai dai ba duk ƙiriniya ce larura ba. Likita ba zai kira ta da wannan suna ba sai halin ya kai wata 6, ya fara kafin shekara 12, yana cutar da karatun yaro ko zamansa da mutane, kuma ana ganinsa a wuri biyu ko fiye. Saboda haka ki tambayi malaminsa na allo. In yana zama ya biya allonsa tsaf, a gida ma yana gama aike, lakwal kaɗai ce matsala, to a duba lakwal ɗin. Yaron da ya tashi da Hausa aka zaunar da shi a bayan aji mai cunkoso ana ta zuba masa Faransancin da bai kama ba, ko ni ne sai na leƙa taga.

Akwai kuma abubuwan da ke shigar burtu. Kunnen da ba ya ji sosai, idon da ba ya hango allo, zuwa lakwal ba karin kumallo, ƙarancin jini, rashin isasshen barci. Akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya yi zuru na daƙiƙu kaɗan kamar an ɗauke shi, ya dawo. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa hau masa kai har ya suma yana iya samun raunin natsuwa daga baya. Gubar dalma ma tana yin haka, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, kuma akan same ta a wasu nau'o'in kwalli. Ki fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ki nemi a tura ku wurin likitan yara a babban asibiti.

In an tabbatar TDAH ce, maganin da aka fi sani shi ne methylphenidate, wanda ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta. Ki faɗa wa Inna, kakar yaron, ba maganin hauka ba ne, ba kuma na sa barci ba ne. Ƙara wa ƙwaƙwalwa kuzarin riƙe hankali yake yi. Ƙwaya ta gama-gari tana aiki awa 3 zuwa 4, mai dogon zango tana kai awa 12. Ba ta raba yaro da larurar, tana dai sauƙaƙa ta muddin tana jiki. Tana rage cin abinci, tana iya hana barci in an sha da yamma, tana ɗan ɗaga bugun zuciya, wasu yaran kuma girmansu kan ɗan yi jinkiri. Shi ya sa likita ke tambayar ko akwai ciwon zuciya a dangi, ya fara da kaɗan, ya riƙa auna tsawo da nauyi da hawan jini. Magani ne mai tsauraran dokoki, ba a ba da shi sai da takardar likita.

A Amurka an yi babban bincike mai suna MTA kan yara 579, sakamakonsa ya fito a 1999. Bayan wata 14, waɗanda aka ba magani da bibiya mai kyau sun fi waɗanda aka bar su da horon ɗabi'a kaɗai samun natsuwa. Waɗanda aka haɗa musu biyun kuma iyayensu sun fi gamsuwa. Horon ɗabi'ar nan ba wani abin nesa ba ne: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, kina kallon idonsa, yabo nan take in ya yi daidai, lokacin barci guda, aikin gida a gutsuttsura shi, minti 10 a huta, ki roƙi mushe ya dawo da shi bencin gaba.

Batun Inna kuwa, kada ki yi faɗa da ita. Addu'a da tofi da rubutu da ruwa mai tsabta da cokalin zuma ba su karo da ƙwaya. Inda nake jan kunne shi ne jiƙo da sassaƙe da garin da ba a san abin da ke ciki ba. Duk abin da yaro ke sha, ki kai wa lokotoro ya gani, kada ki ɓoye don kunya. In da hali ki tafi da Inna asibitin, ta yi tambayoyinta da bakinta, don ita za ta riƙa ganin ko jikanta na cin tuwonsa.

Wasiƙa ta biyu daga wani magidanci ne a Tibiri. Ƴarsa shekara 4, ta hana gida sakat, sai mai tebur ya ba shi wani maganin mura na ruwa da ke sa ta barci. Malam, don Allah ka daina daga yau. Wannan kwantar da yarinya ne, ba magani ba, kuma irinsa kan juye ya ƙara wa wasu yara fitina, in an zarce kima ya zama haɗari. A shekarunta ma ba da ƙwaya ake farawa ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ƴan shekara 4 zuwa 5 horar da iyaye ake fara yi, a Ingila kuma ba a ba yaron da bai kai 5 ba sai da ra'ayin ƙwararre. Ka bar ta ta yi guje-gujenta da rana ta gaji, ka rage mata riƙe waya da dare.

Ta uku gajeriya ce, daga wani malamin lakwal a Madarunfa: sukari ne ke jawo abin, kuma bulala na gyara shi? Malam, an gwada sukari sau da yawa ba a same shi da wannan laifi ba, ko da yake haƙora za su gode in an rage alawa. Bulala kuma tana sa yaro ya yi tsit na minti biyar, ta bar shi da tsoron aji. Ka ba shi goge allo da raba littattafai, ya samu dalilin tashi da izininka.

Wasiƙar Tasawa kan fitsarin kwance ta iso, ita za mu fara ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.