Fim ɗin soyayya na kunna, tunanin Baba ya hana ni barci

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku yi haƙuri da muryata, yanzu na taso daga aiki, ga sanyi, ga duhu tun ƙarfe huɗu na yamma. Daren jiya na sake kallon About Time, fim ɗin Ingila na 2013, kuma wallahi har yanzu bai sake ni ba.

Saurayi ne ya cika shekara 21, mahaifinsa ya zaunar da shi ya ce mazan gidansu suna iya komawa baya cikin rayuwarsu. Ya shiga wuri mai duhu, ya dunƙule hannu, ya tuna ranar da yake so, shi ke nan. Da farko neman budurwa ya sa a gaba. In ya yi ɓaranɓarama a zance, sai ya koma ya gyara. Kana ta dariya.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Uban ya kamu da ciwon daji, kuma komawa baya ba ta warkar da shi. Bayan rasuwarsa ɗan yakan koma ya same shi, su buga ƙwallon tebur kamar da. Sai dai akwai sharaɗi: in ya koma lokacin da ba a haifi ɗansa ba tukuna ya taɓa wani abu, wani jariri daban zai dawo ya tarar. To matarsa ta ce tana son haihuwa ta uku. Ya san ranar da jaririn ya faɗo, shi da ubansa sai a lahira. Ya amince. Nan na dakatar da fim ɗin, na yi shiru.

Na lura masu irin waɗannan finafinai ba sa barin sihiri ya kayar da ajali. A Ghost na 1990, mutumin da aka kashe ya tsaya ya kare masoyiyarsa, amma a ƙarshe dole ya wuce. A The Age of Adaline na 2015 kuwa, mace ta daina tsufa tana da shekara 29, 'yarta ta yi furfura har ana ɗauka kakarta ce. Mutane suna ta maganar saurayin da ta samu a fim ɗin, ni kuwa wannan uwa ce ta tsaya mini a rai, tana kallon 'yar cikinta tana gangarawa ta bar ta.

Shekara biyar rabona da Baba ido da ido. A waya na ga gemunsa ya yi fari fat. Makon jiya yana ba ni wani labari da na ji ya fi sau uku, na katse shi na ce zan shiga aiki. Ni ba ni da ɗakin duhun da zan shiga in gyara wannan. Amma nasan yanzu bai kwanta ba tukuna, bari in kashe kyamarar in ce ya ƙarasa mini labarin.