Lacca: Noman Karas a Lambun Gida, daga Iri har Tono

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da haɗuwa. Yau kan karas za mu tsaya, kuma abu na farko da nake so kowa ya riƙe shi ne, karas ba a yi masa dashe. Tumatir da albasa ana rainonsu a wani wuri a cire a dasa. Karas kuwa saiwarsa ita ce amfanin, kana cire shi yana ƙarami ka karya kan saiwar nan, daga nan sai ya fito a murɗe ko ya rabu biyu. Inda aka zuba iri, nan zai zauna har ranar tono.

Lokaci a nan Arewa shi ne sanyi. A shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, domin ya yi girmansa cikin hunturu. Ya fi son yanayi tsakanin digiri 16 zuwa 24. Idan zafi ya haura 30, iri ba ya fita da kyau, wanda ya fita kuma sai ya yi fari-fari da ɗaci. Shi ya sa wanda ya shuka a Maris yake cewa an sayar masa da mataccen iri, alhali zafi ne. Mutanen Jos su dai sanyinsu ya ba su dama fiye da na Kano ko Sakkwato. Wajen sayen iri, a duba sunan da ke jikin gwangwani: Nantes ya fi zaƙi, Kuroda ya fi jure zafi. A duba kwanan wata ma, don irin karas da ya daɗe a shago cikin zafi ƙarfinsa raguwa yake.

To, ƙasa. Nan ne yawancin aikin yake. Karas jigawa yake so, ƙasa mai laushi da ruwa ba ya kwanciya a cikinta. A kafce zurfin santimita 30, a farfasa hoge, a tsince tsakuwa da guntun bulo da saiwoyi, a bi da manjagara. Saiwa tana sauka, ta ci karo da dutse, sai ta yi rassa kamar yatsun hannu. Wanda gidansa laka ce ko marmara, ya ɗaga fangali sama, ya gauraya ƙasar da rairayi da ruɓaɓɓen taki. Faɗin fangali kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba.

Taki kuma sai wanda ya ruɓe ya koma kamar ƙasa. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu shi ke sa karas ya yi rassa da gashi-gashi. Idan takin zamani ne, NPK 15-15-15 cikin hannu ɗaya, kamar giram 40, ya isa murabba'in mita guda. Yuriya kuwa a yi hankali da ita: ganye zai yi kyau har maƙwabta su yaba, a tono a tarar da saiwa siririya.

Irin ƙanana ne ƙwarai, hannu ba ya iya raba su. A gauraya cokali ɗaya na iri da cokali huɗu ko biyar na busasshen rairayi. A ja layi da tsinke, zurfin santimita ɗaya kacal, tsakanin layi da layi taƙi guda, wato kamar santimita 20. A barbaɗa, a rufe da ƙasa mai laushi, a ɗan danna da tafin hannu.

Sati biyun farko su ne masu wuya. Karas yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya tsiro, cikin tsananin sanyi har sati uku, kuma iskar hunturu tana busar da saman ƙasa cikin sa'o'i kaɗan. Iri ya fara tsaga, ya bushe sau ɗaya, shi ke nan. Don haka a shimfiɗa buhun algarara ko busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma da buta mai rariya. Kada a kwarara da bokiti, zai kwashe irin ya tara shi a gefe guda. Ana ganin tsiro, a ɗage buhun da yamma.

Na ji Hajiya a baya tana tambaya ko dole ne a rage tsiron. Dole ne, Hajiya, ko da rai ba ya so. Idan ya kai tsayin yatsa, a jiƙa ƙasa, a cire na tsakani a bar santimita 4 zuwa 5 tsakanin kowane biyu. Waɗanda aka bari a cunkushe nannaɗe juna suke yi. Ciyawa da hannu ake cire ta, musamman aya-aya, don fartanya tana yanke saiwa.

Daga nan ban ruwa ya koma mai zurfi, duk bayan kwana biyu ko uku gwargwadon ƙasar. Idan aka bar shi ya sha ƙishi sannan aka cika masa ruwa, tsagewa yake yi. Kan karas da ya leƙo waje rana tana mayar da shi kore, sai a tura masa ƙasa. Idan an tono an ga ƙulli-ƙulli a saiwa, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani. Suna yawa inda aka saba tumatir ko kuɓewa, sai a kauce wa wurin, a bi bayan masara ko dawa.

Tono daga kwana 90 zuwa 110. A tone ɗaya a duba, idan kansa ya kai kaurin babban yatsa ko ya fi, ya yi. A ba da ruwa kwana ɗaya kafin nan don ya zaro ba karyewa, sannan a yanke ganyen nan take, in ba haka ba ganyen zai ci gaba da zuƙe ruwan saiwar ta yi yaushi. Wanda ba za a ci a ranar ba, kada a wanke shi, a binne cikin rairayi mai ɗan danshi a inuwa.