Bautar da Ba Ta da Ranar Ƙarewa: Lacca a Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke sahun gaba, iyayenmu mata da ɗalibai, ina godiya da kuka fito domin sauraron batun da yawancinmu ba mu saba tayar da shi a bainar jama'a ba.

Akwai tambayar da na sha yi wa ɗalibaina: a wace rana bauta ta ƙare a ƙasarmu? Baƙar fatar Amurka zai ce 1865, kuma tun 2021 gwamnatinsu ta mayar da 19 ga Yuni ranar hutu domin tunawa da hakan. Mutumin Barazil zai ce 13 ga Mayu, 1888. Mu kuwa sai aji ya yi tsit, kuma ba na ganin laifin yaran, domin babu ranar da aka buga tambari a Zariya ko Kano aka ce daga yau kowa ɗa ne. A ganina wannan rashin rana shi ne mabuɗin fahimtar yadda muke ji game da al'amarin har yanzu.

Masana tarihi sun kiyasta cewa a wajen 1900 bayin da ke cikin Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Duk inda kuka ji ana kiran ƙauye Rinji ko Gandun Sarki, ku tambayi dattawan wurin su waye suka fara noma shi. Harshenmu ma ya adana tsarin: bawa da baiwa, kuyanga, ƙwarƙwara, bacucane wanda aka haifa a gidan ubangidan iyayensa kuma al'ada ta ƙyamaci sayar da shi, murgu da bawa ke biya domin a bar shi ya yi sana'ar kansa, da fansa da yake tarawa ya sayi wuyansa.

Gwamna Lugga, wanda ginin majalisar dokokin jihar nan ke ɗauke da sunansa, ya kafa hujjar yaƙinsa da sarakunan Arewa a kan hana farautar bayi. Dokarsa ta 1901 ta haramta kama mutane da cinikinsu, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, amma ba ta kwance waɗanda ke hannu ba. Bayan an ci Kano da Sakkwato a 1903, Turawa sun ga cewa idan rumada, wato ƙauyukan bayi manoma, suka watse noma zai tsaya, haraji ba zai taru ba, sarakunan da suke so su yi mulki ta hannunsu kuma za su talauce. Saboda haka aka riƙa hana wanda ya gudu samun gona, ana tura mai son 'yanci gaban alƙali ya biya fansa. Ku lura da wannan da kyau: a 1833 Ingila ta ware fam miliyan 20 ta biya masu bayi diyya, bayin ba su sami ko sisi ba, a nan kuwa bawan ne da kansa ya biya, da gumin gyaɗa da auduga da leburancin hanyar jirgin ƙasa. Mata sun fi shan wahala, domin da yawa daga cikin waɗanda aka rubuta cewa an fanshe su, wani namiji ne ya biya kuɗin ya wuce da su ɗakinsa. Sai a 1936 doka ta soke bauta baki ɗaya a Arewa, lokacin da yaran 1901 sun riga sun haifi nasu.

Abin da ya mutu a hankali cikin shekara 35 ba a yi masa zaman makoki ba, ba a kuma yi shagalin rabuwa da shi ba. Aka lulluɓe shi da shiru. Ba zan yi saurin zagin wannan shirun ba, domin ya yi wa dubban gidaje sutura. Wanda ya bar rinji ya sauka a Kaduna, wadda ta zama hedikwata a 1917 kuma kusan kowa baƙo ne a cikinta, ya koyi ɗinki ko ya shiga aikin reluwe, jikansa ya zama malami ko alhaji, babu mai tambayarsa daga ina. Bambancin launin fata da ya hana jikokin bayi ɓacewa cikin jama'a a Amurka, mu ba mu da shi.

Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar wankan wannan al'amari ita ce ranar neman aure. Na taɓa shiga cikin masu nema wa wani yaro aure, yaro mai karatu da aikin yi, wanda babu mai kushe halinsa a unguwa. Aka karɓe mu da mutunci, aka ce a ba su lokaci su yi bincike. Bayan makonni sai amsa ta zo cewa an riga an yi wa yarinya miji a dangi. Daga baya wata tsohuwa ta gidan ta gaya wa matata gaskiya: an gano cewa kakan kakansa na gidan wane ne. Ba wanda ya furta kalmar bawa a duk zaman, asali kawai aka ce. Mutanen nan suna sallah sahu ɗaya da mahaifin yaron, sun san ayar da ta ce mafificinku a wurin Allah shi ne mafi taƙawarku, kuma na tabbata da za a tambaye su a fili ko sun yarda da bauta, rantsuwa za su yi cewa ba su yarda ba. Yaron bai taɓa sanin wannan tarihi ba sai a ranar, domin iyayensa ma ɓoye masa suka yi.

A fada lamarin daban ne. Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama na Kano sarautun bayin sarki ne, waɗanda suka riƙe dawaki da makamai da gandaye, har hakimi ba ya ganin sarki sai ta hannunsu, kuma akwai zuriyarsu da ke ambaton wannan dangantaka da alfahari. Wannan gaskiya ne, sai dai mun cika fakewa da shi, mu ce ai bautarmu mai sauƙi ce, bawa ɗan gida ne. Wanda aka kamo daga gonarsa, aka raba shi da 'ya'yansa a kasuwa, ba a tambaye shi ra'ayinsa ba.

Wannan ya kawo ni inda maganar ta fi nauyi gare mu mutanen jihar nan. Zazzau tana cikin masarautun da suka riƙa kai hari kudancinta, kuma bayi suna cikin gaisuwar da ake aikawa Sakkwato. Atyap da Bajju da Adara da Gbagyi da maƙwabtansu suna riƙe da labarin kakannin da suka hau duwatsu domin tsira daga mahaya, abin da Bahaushen birni ya manta su kuwa ana gaya wa yaransu da daddare. Ƙari a kan haka, Turawan da suka hana harin sun bar yawancin waɗannan al'ummomi ƙarƙashin hakiman Zazzau, ban da irin su Kagoro da Jaba da Marwa da suka tsaya da sarakunansu, kuma sai a 1995 Atyap da Bajju suka sami masarautun kansu. Ba na cewa bauta ce ta haddasa rikicin Kafanchan na 1987 ko na Zangon Kataf na 1992, wanda ya faro daga batun sauya wa kasuwa wuri. Akwai siyasa da filaye da addini a ciki, kuma an zalunci marasa laifi ta kowane ɓangare. Amma duk wanda ya saurari zafin kalaman da ake yi a lokacin ya san akwai tsohon miki a ƙarƙashi.

Malamaina za su tuna mini cewa Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi fatawa tun wajen 1615 cewa launin fata ba ya halatta bautar da mutum, har ya ambaci Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a kama mutanensu ba, kuma masu jihadi sun soki sarakunan Haɓe kan sayar da 'ya'yan Musulmi. Haka ne. Sai dai ku sa kanku a matsayin maƙwabcinmu na Zonkwa yana sauraron wannan hujja: abin da zai ji shi ne katangar an gina ta ne domin ta kare wasu, kakansa kuma yana bayanta. Shi ma ya kamata ya san cewa Bahaushe bai tsira ba. Mayaƙan Ningi sun kwashi talakawan Kano da Zazzau, an sauke Hausawa a Bahiya ta Barazil har suka yi tawaye a farkon ƙarni na 19, kuma Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da aka rubuta tarihinta daga bakinta wajen 1950, ta ba da labarin gidansu mai rinji da bayi, ta kuma ba da labarin danginta da mahara suka kama sai da aka fanso su. Gida ɗaya ne ya mallaki mutane kuma aka mallaki nasa.

Kada kuma mu ɗauka maganar ta tsufa. A Nijar sai a 2003 aka mayar da bauta laifin da ake hukuntawa, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta sami gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12.

Ga ɗaliban da ke neman abin bincike, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana nan cikin garin Kaduna, Gidan Arewa ma yana nan, kuma a cikin fayilolin lardunan Arewa akwai rajistar waɗanda aka 'yanta a kotuna. Ku je ku karanta su, sa'annan ku ɗauki na'urar naɗar magana ku zauna da tsofaffin Giwa da na Kagoro tun suna raye, da sharaɗin ba za ku fallasa asalin gidan kowa ba sai da yardar masu gidan. Shugaban taro, a nan zan dakata domin a yi tambayoyi.