Me Ya Sa Giwarka Take Kama da Sitika?

[Allo: giwa 'yar mitsitsiya tsaye a kan teburin karatu, gefenta biro da jan littafi, fitilar tebur a hagu]

Jama'a, ku dubi wannan giwar. Tsayinta bai kai na biro ba, ga ta nan a kan tebur kamar an aiko ta karɓar saƙo. To, ku dubi wannan kuma.

[Hoto na biyu, gefe da gefe da na farko]

Giwa ɗaya ce, tebur ɗaya, yankan da na yi mata daga wani hoton ma ɗaya. Ko fiksel ɗaya ban taɓa a gefen jikinta ba. Amma ta farko idonku ya karɓe ta, ta biyun kuwa ko yaro ya gani zai ce manna ta aka yi.

Kwanakin nan irin waɗannan hotuna na mafarki sun cika wayoyinmu: mutum zaune a kan gajimare, jirgin ƙasa na fitowa daga cikin littafi, gida a kan bayan kunkuru. Duk wanda nasa ya ƙi yin kyau kuma, shawarar da ake ba shi ba ta wuce guda ɗaya: koma ka gyara yankan. Sai bawan Allah ya kwana yana bin gashin jelar giwa ɗaya bayan ɗaya. Gari ya waye, ido ya yi ja, giwa tana nan a sitikarta. An bar jaki ana dukan taiki. Ku sauke idonku ƙasa, ƙarƙashin ƙafafunta.

[Kusantowa kan ƙafafun giwar a hotunan biyu]

Kun gani? Inuwa. A kanta za mu zauna yau, sauran kuwa a guje za mu wuce su.

[Tsofaffin hotuna marasa launi]

Haɗa hotuna ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1857, a Ingila, Oscar Rejlander ya haɗa nagatif, wato ɗanyen hoton da ake wankewa, sama da 30 ya fitar da hoto guda. Jerry Uelsmann na Amurka, wanda ya rasu a 2022, ya ƙare rayuwarsa a ɗakin wankin hoto mai duhu, yana yawo da takarda ɗaya daga wannan na'urar haskawa zuwa waccan, har ya fitar da gida mai saiwoyi kamar bishiya. Photoshop sai a 1990 ya fito, tsarin leya-leya, wato jera hoto a kan hoto falle-falle, kuma sai 1994. Yankan da yake cinye wa mutanen da makonni, yau dannawa ɗaya ce. Manhaja ta karɓe wahalar almakashi, ta bar mana wahalar ido.

[Allon kwamfuta, aiki na tafiya da sauri]

Ga tebur a leyar ƙasa. Ga giwa a sama. Na zaɓe ta, na ɓoye dajin da ke bayanta, na rage girmanta. Photoshop ne, GIMP ne, manhajar waya ce, duk tafiyar ɗaya ce. Abu guda kawai ku lura da shi a nan: in daga sama kuka ɗauki teburin, kada ku kawo giwar da aka ɗauka daga ƙasa ana hango cikinta. Tsayin kyamara ya zo daidai. Shi ke nan, mun wuce.

[Aiki ya tsaya cak]

Yanzu a cire hannu daga linzamin kwamfuta. Kafin a zana komai, teburin nan za mu yi wa tambayoyi, domin shi ne mai gida, giwa baƙuwa ce.

Hasken daga ina yake zuwa? Fitila tana hagu, ta ɗan ɗaga sama. Ku dubi biron nan, inuwarsa ta kwanta zuwa dama. Littafi ma haka. Ke nan ta giwa ba ta da zaɓi.

Bakin inuwar fa, mai kaifi ne ko mai laushi? Ƙaramin haske irin na ƙwan fitila ko tsakar rana yana ba da inuwa mai kaifin baki. Faffaɗan haske irin na ranar da hadari ya rufe sama yana ba da inuwa mai laushi, wani lokacin ma da ƙyar ake ganinta. Amma ko a inuwa ɗaya abin ba ɗaya ba ne. Ku bi ta biron nan da ido: a gindinsa ta yi duhu ta yi kaifi, tana nisa tana dusashewa, bakinta yana bajewa.

Sai launi. Ƙwan fitila irin wannan yana wajen 2700 a Kelvin, ma'aunin launin haske, shi ya sa komai ya yi ruwan ɗorawa-ɗorawa. Giwarmu kuwa a tsakar rana aka ɗauke ta, wajen 5500. Ita kaɗai ce take cikin rana a ɗakin da dare ya yi.

[Linzami ya nufi maɓallin Drop Shadow]

A'a. Don Allah a'a.

Wannan maɓallin ya kashe hotuna fiye da mugun yanka. Abin da yake yi shi ne ya kwafi siffar giwar, ya baƙanta ta, ya ɗan gusa ta gefe. Daidai ne ga rubutu a kan fosta, ko takarda a jikin bango. A kan giwa kuwa, sanarwa yake yi wa duniya cewa wannan dabbar falle ɗaya ce ta kwali. Ni ma na yi shekara ina danna shi ina jin kaina gwani, don haka ba gori nake yi ba.

[Sabuwar leya tsakanin tebur da giwa]

Inuwa biyu muke buƙata, kuma wadda ake mantawa ita ce ta farko: inuwar taɓawa. Ku aza yatsanku a kan tebur yanzu, ku duba daidai inda fata ta haɗu da katako. Akwai wani siririn duhu a wurin, inda haske ba ya samun hanyar shiga. Shi ne yake gaya wa ƙwaƙwalwa cewa abin nan yana da nauyi, a zaune yake.

Ƙaramin burushi. Launin kada ku ɗauko baƙi wuluk, ku tsoma cikin inuwar biron ku ɗebo nata, za ku ga ruwan ƙasa ne mai duhu. Leyar a sa ta a Multiply, don zanen katakon ya riƙa lekowa ta ciki. Sai a bi ƙarƙashin kowace ƙafa, siriri, a matse. Wannan ƙafar ta gaba da ta ɗaga, kada a ba ta, ai ba ta taɓa komai ba.

[Kashe leyar, kunna ta, sau uku]

Tana shawagi. Ta sauka. Tana shawagi. Ta sauka. Aikin minti biyu ke nan.

Ta biyu ita ce doguwar, wadda ta miƙe zuwa dama. A nan mutane ke kwafar giwar su kwantar da ita a ƙasa kamar tabarma. Ba laifi a fara da haka, amma fitila ba daga inda kyamara take take kallon giwar ba. Daga hagu take ganinta, wato kusan ta fuska, don haka siffar inuwar za ta bambanta da abin da mu muke gani. Yaya za a san siffar?

[Hannu ya ajiye 'yar giwar roba a kan ainihin teburin]

Ga dabarar da na fi so, kuma ba ta buƙatar ilimin lissafi. A nemo wani abu mai kama da ita a girma, abin wasan yara ko dunƙulen takarda, a ajiye shi a daidai wurin, a ɗauka ba tare da an motsa kyamara ko fitila ba. Ga inuwa ta gaske, kyauta. Ko a kwaikwaye ta, ko ma a yanko ta a yi amfani da ita. Erik Johansson, ɗan ƙasar Suwidin ɗin nan mai hoton mutum yana jan kwalta a bayansa kamar zane, da kansa yake fita ya ɗauko kayan haɗinsa, don kusurwa da haske su dace tun kafin a zauna gaban kwamfuta.

[Jajayen layuka suna bayyana a kan hoton]

Yanzu gwaji. Masu bankaɗo hotunan bogi, irin su Farfesa Hany Farid, suna amfani da shi. A ja layi daga ƙarshen inuwar biro ya ratsa ta kan biron. A ja wani daga kusurwar inuwar littafi ya ratsa ta kusurwar littafin. In hasken ɗaya ne, duk layukan a wuri guda za su haɗu. Ga su nan, sun taru a kan ƙwan fitila. Na giwa kuma, daga inuwar kunne zuwa kunnen.

Ya kauce. Ya tafi neman wata fitilar da babu ita a ɗakin. Bari in juya inuwar kaɗan. Yauwa.

Tun 2023 Photoshop ke da Generative Fill, wato AI mai cike gurbi a hoto da kansa, kuma yakan ƙirƙiro inuwa mai kyan gani. A ja mata layukan nan ita ma kafin a yarda da ita.

[Jikin giwar]

Saura jikinta. Rana ta haske ta daga dama, fitilarmu tana hagu. Na juya hoton giwar, hagu ya koma dama, na sake daidaita inuwarta, magana ta ƙare. Da a ce daga baya rana ta buge ta, ba zan tsaya lallashi da burushi ba, wata giwar zan nema. Na ɗumama launinta. Gefen da ke kallon jan littafin na shafa masa ja kaɗan, don haske yana dawowa daga jikin abubuwa. Na dusasa bayanta daidai da yadda ƙarshen teburin ya dusashe. Na yayyafa ɗan tsakin hoto a kan komai gaba ɗaya.

[Hotuna uku na gwaji, ɗaya bayan ɗaya]

In kuma aka miƙo muku hoto aka ce ku faɗi ra'ayi, “ya yi kyau” ba ta taimaki kowa ba, “bai yi ba” ma haka. Ku ƙanƙanta shi ya koma kamar tambarin wasiƙa. Ku cire launin. Ku tambayi mai shi ina rana take. Wannan na farkon rana biyu gare shi. Na biyun, mutumin yana tsaye a kan ruwa amma ruwan bai san da zuwansa ba. Na ukun kuwa haskensa lafiya lau, sai dai an cusa wata, agogo, tsuntsu, tsani da ƙofa a fili ɗaya, ido ya rasa wanda zai gaisar.

A ganina ƙarya ɗaya hoton mafarki yake iya ɗauka, sauran duk su faɗi gaskiya. René Magritte ya zana ƙaton dutse da fada a kansa yana shawagi a saman teku a 1959. Dutsen dutse ne sosai, tekun teku ne, sararin sama babu abin zargi. Shi ya sa shawagin yake tayar da tsikar jiki.

[Hoton ƙarshe, kyamara na ja da baya a hankali]

Ga tamu nan. Na ɗan matsar da ita dama don hanci ya kusanci biron, kamar tana shinshinawa. Jelar kuwa, wadda na ɓata awa guda ina yanke gashinta, littafi ya rufe ta.