Wa zai zauna gindin gadon Inna? Jawabin sakatariyar walwala a taron Sakkwatawa mazauna Manchesta

Ranka shi daɗe shugaba, a yi mini izini in ture rahoton walwala gefe. In lokaci ya rage zan karanta shi daga ƙarshe. Abin da ke cina a rai ba ya cikin takardar.

Daga asibiti nake. Inna tana nan yadda kunka ji: ɓarin dama ba ya motsi, magana da ƙyar take fita, amma hankalinta garau yake, ta san kowa. Tsohuwar da ta baro Mabera don ta riƙa wa surukarta jego, ta ga jikanta da idonta, ga inda ƙaddara ta kwantar da ita. Da na duƙa na gaishe ta da Hausa sai ta riƙe mini hannu da hagunta, ta ce, "Ɗiyata, ina gabas?" Ba ta yi mini zancen ciwo ba, ba ta yi zancen magani ba. Tun ranar da anka kwantar da ita ba ta yi salla ko ɗaya ba, tana lissafa su a zuci tana hawaye. An sa mata robar fitsari, ta ɗauka kullum cikin najasa take. Ba buta, ba mai kama mata alwala. Abinci kuwa in an kawo sai ta kau da kai, don ba ta san yankan wa ne ba. Su kuma ma'aikata sunka rubuta cewa ba ta cin abinci, tana yawan kuka, har ana tunanin ko ciwon damuwa ne ya haɗu da shanyewar jikin.

Kada kowa ya tashi zagin nas-nas ɗin. Aikina ke nan, na san yadda dare ke kasancewa in mutum ɗaya na riƙe da gadaje da yawa, wannan na danna ƙararrawa, wancan na neman faɗowa. Kuma abin da zai ƙona muku rai, duk abin da Inna ke buƙata yana cikin ginin nan. Takardar kwantarwa tana da gurbin addini. Akwai sashen malaman addinai, har da limami Musulmi da ake iya kira. Akwai abincin halal, sai dai a zaɓa a takardar abinci. Tafinta kyauta ne a NHS, hukumar lafiya ta ƙasar nan, ko ta waya ce a nemo mai Hausa. Mace na iya cewa mace take so ta yi mata wanka da canjin kaya, kuma ana ƙoƙarin yin hakan in akwai hali. Amma a ƙasar nan abin da ba ka buɗe baki ka nema ba, anka rubuta shi a fayil, ba ya zuwa da ƙafarsa. Ɗanta da ya kawo ta cikin ruɗewa, ga mai jego a gida, ga aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ina ya ga natsuwar tuna waɗanga abubuwa?

Mu ba mu saba roƙon irin wannan ba, don a gida ba a roƙonsa. Wanda ya taɓa jinya a asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru ya san abin da nake faɗi. Mai jinya na nan da tabarmarta da butarta da kular abinci. Kiran salla ta taga yake shigo maka, ba ka duba waya. In mai jinyarka ta fita sayen magani, ta gadon kusa ita ke ɗaga ka, ta ba ka kunu, alhali jiya ba ku san juna ba. Da la'asar dangi su cika baranda, wani dattijo ya ɗaga hannu a shafa. Mu ma'aikata a can muna kukan ƙarancin kayan aiki, gaskiya ne, amma ban taɓa ganin tsohuwa ta kwana tana neman mai nuna mata alƙibla ba. Nan ga na'ura iri-iri, ga magani, ga tsabta, amma wancan aikin na dangi ba wanda anka ɗauka ya yi shi. In mu ba mu yi ba, ba mai yi.

Kun san minti nawa gyaran ya ci? Bai kai a dafa shayi a sha ba. Malam, Allah shi saka masa, ya ba da ɗan dutse mai tsarki, munka kama mata ta yi taimama, ga ayar nan a Suratul Ma'ida, aya ta 6, ta ambaci mara lafiya ƙarara. Ya karanta mata hadisin Imrana ɗan Husaini, a yi salla a tsaye, in an kasa a zaune, in an kasa a kan haƙarƙari. Ya gaya mata fitsarin da ke zuba ba da ikonta ba uzuri ne, ba ya hana ta salla. Munka nuna mata cewa alƙibla a nan ta karkata kudu maso gabas, ba kamar Sakkwato ba. Na sami shugabar nas-nas ta ɗakin, munka sa anka rubuta: abincin halal, mace ce za ta yi mata wanka, a rufa mata kai da ƙafafu in za a tura ta hoto, a ja labule in tana salla, a kira limami. Matar nan ko musu ba ta yi ba, cewa ta yi da ma wani ya gaya musu tun farko. Inna ta yi azahar a kwance da nuni, sannan ta karɓi ɗan abin da anka yarda ta ci.

To ina muke tun farkon? Ina muke? Na buɗe zauren WhatsApp, saƙon "Allah shi ba ta lafiya" ya fi gaban ƙirga, kowa da hoton hannu a ɗage. Amin. Amma zumunta a ƙafa take, iyayena. Bas ɗaya ce daga inda da yawanku ke zaune. Ranar suna, da anka ce akwai waina da miyar taushe, wa ya ce aiki ya riƙe shi?

Waɗanda sunka je kuma, na gode muku, amma sai na faɗi wannan ko da za a ji haushina. An rataye takarda a kan gadon Inna cewa kada a ba ta ruwa ko abinci sai irin wanda anka tsara. Wani bawan Allah ya shigo da rubutu a gora cikin aljihu, wata ta zo da fura da ta dama da hannunta, ana jira nas ta juya baya. Wallahi niyyarku mai kyau ce, amma ku ji yadda abin yake. Shanyewar jiki takan taɓa maƙogwaro, mutum ya kasa haɗiya daidai. Ruwan da kake ganin ya wuce ciki sai ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu, wani lokaci ko tari mutum ba zai yi ba, bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, ciwon huhu ya kama. Tsofaffi da yawa wannan ke kai su, ba shanyewar ba. Ba wanda ya hana ku addu'a. Ku yi tofi, ku shafa mata, ku karanta mata Yasin, ku kunna mata karatu a hankali. In zamzam ne, ku gaya wa nas, a tsoma ɗan auduga a jiƙa mata leɓe in an yarda. Abin da ake ɓoyewa shi ke cutarwa, kuma shi ke sa gobe a riƙa kallon duk mai hula da mai hijabi da zargi. Haka masu zuwa su takwas su kewaye gado, a ɗakin da ake barin mutum biyu. Ku rarrabu mana! Gara biyu yau biyu gobe, da a taru rana ɗaya a bar ta sati ita kaɗai.

Ni abin da ke ba ni mamaki, kamar jinya baƙuwarmu ce. Rufaida Al-Aslamiyya a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tantinta yake, can anka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da ya ji rauni a yaƙin Handaƙ. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da mulki a kansa da yaƙi, bai hana shi zama ya yi rubutu a kan magani ba. Nana Asma'u ta tura jajis, wato mata malamai da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata tsarki da salla. Daga wannan gari munka fito. Yau dubi ɗakin nan, nas nawa, masu kula da tsofaffi nawa, likita nawa, duk ɗiyan Sakkwato da Wurno da Tambuwal da Gwadabawa, sun ci jarrabawar mutanen nan sun karɓi lasisi. Muna kwana muna juya iyayen wasu, tamu uwar na kwance ba mai juya mata fuska gabas.

Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata, abin da muke nema wa Inna bashi ne a kanmu ga kowa. Ƙa'idar NMC, hukumar da ke kula da aikin nas-nas da ungozomomi, da munka sa wa hannu ta ce a mutunta mutum da abin da ya yi imani da shi. Tsohuwar Katolika da ke son a kira mata fada, Bayahuden da ba ya cin abincinmu, mai Shaidun Jehobah da ya ce kada a ƙara masa jini, da wanda ya ce shi ba ruwansa da addini kada a dame shi, kowa a tambaye shi, a rubuta, a cika masa. Ba wa'azi anka ɗauke mu yi a bakin gado ba.

Maganar magunguna, don an tambaye ni a waje ko akwai abin alade a cikinsu. E, allurar hefarin da ake yi don hana jini daskarewa daga hanjin alade ake samo ta, kuma ɓawon kafso da yawa jelatin ne, wanda ake samowa daga fata da ƙashin dabbobi, har da alade. Ka tambayi mai haɗa magani, wani lokaci akwai madadi, wani lokaci babu, in babu ga Malam nan ya yi maka bayanin lalura. Amma kada ka daina sha a ɓoye kana cewa kana sha. Haka mai ciwon suga da ke kan insulin, kafin azumi ya ga likitansa, Suratul Baƙara ta riga ta ba mara lafiya rangwame.

Yanzu abin da ba mu son ji. Ba fata nake ba, Allah shi tashi kafaɗun Inna ta koma ta ga Hubbare da idonta. Amma dokoki sun canza muna barci. Tun 20 ga Mayu 2020, a Ingila ana ɗaukar baligi ya yarda a ɗebi sassan jikinsa bayan rasuwa, sai in ya yi rajistar ƙin yarda. Ana tuntuɓar iyali, kuma dokar ba ta hau kan baƙo ko wanda bai shekara a ƙasar ba, amma yawancinmu ta hau mu. Malamai sun saɓa a kan mas'alar, ni ba mai fatawa ba ce. Ka yanke shawararka, ka yi rajista, ka gaya wa iyalinka. Sannan tun 9 ga Satumba 2024, duk rasuwar da ba ta je gaban alƙalin binciken mutuwa ba, sai wani likita mai tantancewa ya duba sanadinta kafin a yi rajista a ba da takardar binnewa. Mu da munka saba a rasu da hantsi a yi sutura kafin la'asar, nan in ba wanda ya san ofishin da zai kira ya ce addininmu na son gaggawa, gawa sai ta kwana da kwanaki a mutuware, balle a ce Juma'a da yamma ce. Kafin a kai ga haka ma, wa zai laƙƙana wa mutum kalmar shahada ƙarfe uku na dare, in ba lambar kowa a fayil ɗinsa?

Duk wannan kuɗi ne, Ma'aji na kallona. Inna da bizar ziyara ta shigo, ba inshora. Sashen gaggawa kyauta ne, amma da zarar an ba baƙo gado, ana cajin kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin. Ba za a fasa yi mata magani na gaggawa ba, amma takardar bashi na tafe, kuma bashin da ya kai fam 500 in ba a biya ba yana iya hana mutum biza nan gaba. Yaron nan shi kaɗai zai ɗauka? Asusun walwala kuwa ko rabinmu ba su biya kuɗin wata ba, wasu tun bara. Na san haya, na san ana aika wa gida, ni ma ina aikawa. Amma wanda ya iya ɗinko shadda daga gida don hawan Salla da ba zai gani ba sai a Facebook, ya iya biyan kuɗin ƙungiya. Kuma don Allah, mai gayyato tsohuwarsa ya saya mata inshorar tafiya kafin ya sayi tikiti.

Rahoto a gurguje: an yi suna biyu, an kai gudummawa. Ɗalibai sababbin zuwa an sama musu masauki. Makarantar Asabar ta yara na tafiya, ana neman ƙarin malama. Kuɗin zauren nan ya ƙaru, shugaba zai yi bayani. Shi ke nan.

Ga takarda nan za ta zagaya, an raba kwanaki safe da yamma, mata ake so su fi yawa don Inna ta saki jiki. Kada ka rubuta suna don ganin ido, in ka san ba za ka je ba bar gurbin. Gobe da yamma da jibi da safe ne ba kowa, kuma jibin ne masu gashin ƙashi za su fara zaunar da ita, ana son mai Hausa kusa. Za mu buga ɗan kati da Turanci mai ɗauke da abinci, salla, wanka, limami da lambobin mutum biyu na ƙungiya, kowa ya sa a jakarsa, musamman iyayenmu masu zuwa ziyara. Nas biyu nake nema su zauna da ni mu rubuta shi yau kafin a watse. Matan da ke son koyon wankan gawa su ga Hajiya bayan magariba, mutum ɗaya ba ta isar mu. Ma'aji, ɗauko littafin, ka fara kiran suna daga kan shugabanni.