Daga Ledar Mai Fulawa Zuwa Kasko: Yadda Ake Renon Bonsai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Bishiyar nan da kuke gani tsayinta bai kai kamu biyu ba, amma da za a ɓoye kaskon da take ciki, sai ku rantse tsohuwar bishiya ce a bisa tsauni. Ita ake kira bonsai. Sana'ar daga ƙasar Sin ta faro, Japanawa suka ɗauka suka ƙware a kai. Irinta ɗaya ne da 'yan'uwanta na daji. Aski, ɗaurin waya da matse saiwa cikin ƙaramin kasko su suka riƙe ta a haka.

Wannan sifurus ce, daga dangin Picea, mai siraran ganye masu tsini. Gidanta Kanada, Rasha, arewacin Turai da tsibirin Hokkaido na Japan. Masu koyo a Turai da Amurka sukan fara da wata gajeruwa 'yar Alberta, wadda aka gano a Kanada a 1904, saboda duk watan Disamba ana jibge ta a kasuwa da araha a matsayin bishiyar Kirsimeti. Da ita za mu nuna aikin, sannan mu dawo gida Zariya, don akwai magana.

Wurin saye ake cin riba ko a faɗi. Rabu da kyan ganye, cusa hannu ka taɓa gangar jikin. Kauri kake nema a ƙasa, yana sirancewa zuwa sama. Reshe kana iya samar da sabo, amma gindin da ya shiga ƙaramin kasko yana siriri, zai shekara goma yana siriri.

In ka kawo ta gida, kada ka fara da almakashi. Ɗauki tsinke ka riƙa kankare ƙasar sama a hankali. Masu reno sukan binne gindi da zurfin yatsa biyu ko uku, to ku duba nan: ga inda saiwoyi suka fara bazuwa, ga gindin ya buɗe. Juya tukunyar har ka sami ɓangaren da bazuwar ta fi kyau. Nan ne fuskar bishiyarka, soka tsinke a wurin don kada ka manta.

Yanzu rassa. Sifurus tana fitar da reshe huɗu ko biyar a zagaye ɗaya, kamar sifokin keke. In ka bar su duka, wurin zai kumbura ya fi ƙasansa kauri, kuma wannan aibi ne mai wuyar gyara. Bar ɗaya, ko biyu in ya zama dole: wannan hawa na dama, na gaba hagu, na uku baya. Amma ga ƙa'idar da ba a wasa da ita. Kada ka datse reshe har ka wuce inda yake da koren ganye. Sifurus ba ta cika tohowa daga tsohon itacen da ya zama tsirara ba, reshen bushewa zai yi. Kuma a zama ɗaya kada abin da ka cire ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ganyen. Na san hannu yana ƙaiƙayi. Ajiye almakashin.

Sai waya. Kaurinta kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen, a naɗa ta a karkace, digiri 45, ba a shaƙe ba. Rassan a sunkuyar da su ƙasa, domin a can ƙasarta nauyin ƙanƙara ne ke danne rassan tsohuwar bishiya, wannan kamannin ake kwaikwayo. Sai dai sifurus tana da taurin kai. Waya ta shekara a jikinta, ka kwance, reshen ya sake miƙewa. Sai a maimaita, ko a ɗaure shi da siririyar waya a ja zuwa bakin tukunya.

Saiwa kuwa ba bana ba. Babban aiki ɗaya a shekara: in ka yi aski da ɗauri, canjin kasko sai baɗi, lokacin da ta fara kumburo toho. Ko a ranar ba a wanke mata ƙasa gaba ɗaya, kaɗan ake ragewa.

To, mu dawo Zariya. Gaskiya ɗaya ce, sifurus ba za ta yi ƙarko a nan ba. Tana bukatar barcin makonni masu yawa cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin ta fitar da sabon toho. Hunturunmu, duk da rawar ɗarin da muke yi a Samaru da asuba, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, ga zafin Maris da Afrilu yana neman 40. Ɗaki mai na'urar sanyaya iska ma ba mafita ba ne, don babu rana a ciki. Abin da masu fulawa na bakin titi ke kira bishiyar Kirsimeti ma galibi wani iri ne daban.

Amma tsarin aikin yana nan, kuma muna da bishiyar da ta fi sifurus haƙuri: cediya. Ka datse ta har kututture, ta toho. Ka soka reshenta a ƙasa da damina, ya kama. Tsamiya ma ta dace, ganyenta ƙanana ne tun asali. Kuka kuwa gindi take bayarwa, sai dai in ta kaɗe ganye da rani ka rage mata ruwa sosai, in ba haka ba ta ruɓe.

Lokacin aikinmu farkon damina ne, Mayu zuwa Yuni. A cediya lissafin waya juyawa yake: tana yin ƙiba da sauri, cikin 'yan makonni waya ta fara nutsewa a ɓawo, don haka duba ta duk mako, kuma da filaya za ka guntule ta, kada ka warware. In tagulla ka samo wurin masu gyaran injin a Sabon Gari, gasa ta a garwashi sai ta yi ja, ta huce, sannan ta yi laushin naɗi.

Japanawa suna da wata ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya da suke kira akadama. Mu sai mu farfasa jan bulo, mu tankaɗe garin mu zubar, mu haɗa da tsakuwar rafi, gawayi da ɗan ruɓaɓɓen taki. Ruwa ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa nan take, shi ne gwajin. Da bazara ban ruwa safe da yamma. Ɗora kaskon kan benci saboda gara, kuma benci mai tsawo, inda akuya ba za ta kai ba ko ta miƙe tsaye.